Shekarar da Zenz Ya Zarce Sanda

A duk kwarinmu na Tirol babu wanda ya tsani ɗan itace kamar Filomena, kuma babu wanda ya fi ta dalili. Mena ake ce mata. Ni Gota nake kiranta, don ita ta riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma, kuma har yau tana gaya wa mutane cewa tun ranar ta gane ba zan yi amfani ba, saboda ihun da na yi ta tsalawa a kan ɗan ruwan da bai cika cokali ba.

Ita ce mai rugar ƙauyenmu, Saldin. Duk tsakiyar watan Yuni, ranar idin Waliyyi Veit, muke kora shanu can sama inda daji ya ƙare, mu danƙa mata su, mu dawo gida mu shiga yankan ciyawar hunturu. Ita kuwa ta zauna da su wata uku, ta yi tatsa, ta kaɗa mai, ta dafa cuku. Ni nake hau mata da gishiri da gari, in sauko da cukun, haɗe da zagin da ta ba ni in raba wa masu shanu gida-gida.

Makiyayar tamu ce. Dajin da ke ƙarƙashinta kuma na mutanen Gurnai ne, ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Kakanninmu da nasu sun daɗe suna fasa wa juna kai a kan iyaka, har suka gaji, suka zauna suka fito da dabarar da suke ganin ta gagari zamani. Suka sassaƙa sanda daidai tsawon wani dogon mutum, suka sa mata ƙarfe kai da gindi, suka ajiye ta a coci. Suka ce duk shekara, da safiyar ranar hawan shanu, dattawan ƙauyukan biyu su ɗauke ta su nemo itacen zirbe, itacen nan na dutse mai ganye kamar allura, mafi nisa a sama wanda ya zarce ta. Daga shi zuwa ƙasa daji ne, na Gurnai, saniya ba ta taka shi. Daga shi zuwa sama makiyaya ce. Duk abin da bai kai sandar ba kuwa ciyawa ne a idon doka, mai ruga na da ikon tumɓuke shi ko yanke shi daga gindi. Kuma da yake sun san irin jikokin da za su bari, suka ƙara da cewa duk itacen da aka tarar an datse masa kai, a ɗauka ya zarce.

Hankali suka yi, ban musa ba. Abin da ba su kawo a ransu ba shi ne wai dutse zai iya yin ɗumi. A zamaninsu, daga gindin rugar nan zuwa sama, zirbe ba ya wuce gwiwa. Dusar ƙanƙara ta binne shi rabin shekara da ɗoriya, duk reshen da ya yi ƙarfin halin leƙowa, iskar hunturu ta aske shi tas. Mutum ya ga itace yana yaro, ya tsufa, a kai shi makwanci, itacen na nan bai kai ƙugu ba. Duk ɗan Saldin da wannan aka yaye shi.

Mena ta fara hawa rugar tana ƙarama, riƙe da gefen siket ɗin uwarta. A lokacin tumɓuke 'ya'yan zirbe aikin yini guda ne a shekara, kwando ɗaya ya kwashe su, a dawo a sha madara. Ba mutum ke shuka su ba. Wani ɗan hankaka ne mai zanen zabo, yana kwasar ƙwayar zirbe ya bi tudu yana binnewa don hunturu, ya manta rabi. Mena ta ce a duk Gurnai shi kaɗai ke aiki tsakani da Allah.

Da ta isa aure sai ta ba kowa mamaki ta ɗauki Vinzenz, wanda ake ce wa Zenz. Zenz gajere ne, mai sanyin jiki, mai murmushi ko ana zaginsa. Bai taɓa fara aiki ya gama ba. Shingen da ya soma kafawa shekarar aurensu, har yau in ka je za ka ga inda ya tsaya ya kunna lofe. Cokulan da yake sassaƙawa duk masu baki ne babu mariƙi. Mutane suka ce ta zaɓe shi ne don shi kaɗai ne namijin da ba ya mayar mata da magana, iyaka ya ce, "To, Mena." Mutane ba su san komai ba. Son mutumin nan take yi, so mai tsanani, sai dai da ta furta shi gara ta sha ruwan cuku mai tsami. Allah bai ba su haihuwa ba, suka zauna su biyu da shanun mutane.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, wata rana da hantsi suna tumɓuke-tumɓuke a can ƙarshen makiyaya, sama da ruga, inda ciyawa ke ƙarewa duwatsu su karɓa. Zenz ya ce bari ya ɗan zauna. Ta juya masa baya tana aikinta tana yi masa faɗa, ta taɓo shingen, ta taɓo ƙofar rumbun da ke rataye da igiya, ta taɓo uwarsa. Ta daɗe tana yi kafin ta lura babu wanda ya ce mata to. Ko da ta waiwaya, ga shi jingine da dutse, hularsa ta zamo kan ido, hannunsa na dama naɗe da wani ɗan zirbe da bai fi taƙi ɗaya ba. Ya kama zai ja, rai ya yi halinsa.

Bayan an binne shi ta koma ruga, ta share 'ya'yan itacen wurin duka, ta bar wannan.

Uwata ta tambaye ta dalili. Ta ce, "Aikinsa ne. Bai gama ba, kamar kullum. Ni ba zan ƙarasa masa ba, ya zo ya ƙarasa abinsa."

Me za a ce? A can sama, ko shekara ɗari ya yi ba zai ga kan sanda ba. Dattawanmu suka gyaɗa kai, na Gurnai ma da suka zo awo suka cire hula a gabansa suka ce a bar mata. Kowa ya yi alheri a arha, tunda kowa ya tabbata ba abin da zai ci masa.

Daga nan dutsen ya fara canza hali, a hankali, yadda ba za ka iya nuna rana ka ce yau aka fara ba. Ƙanƙara ta riƙa makara wajen zuwa, tana saurin tafiya. Ƙudan shanu da ba su taɓa sanin hanyar ruga ba suka gano ta. Mena da ke kwana da bargo biyu a tsakiyar bazara ta fara barin taga a buɗe. 'Ya'yan zirbe kuwa abin ya yi musu daɗi. Aikin yini guda ya koma na mako, na mako ya koma na wata, har hannu ya daina isa sai da diga. Takan tara su tsibi-tsibi ta cinna musu wuta, mu a ƙasa mu ga hayaƙi mu ce, "Kai, Mena akwai ƙoƙari." Iyakar taimakonmu ke nan, kuma mun riƙa bayar da shi ba fashi.

Duk da haka mutum ɗaya ba ya tare tudu. Waɗanda suka ɓuya mata a kwazazzabai suka yi tsawo, sanda ta same su, iyaka ta riƙa haurowa. Muka rasa garken ƙasa, muka rasa fadamar da 'yan maruƙa ke kwana. Sauran abin da ya rage daga ruga zuwa sama ne, da kwamin ruwa.

Kada kuma ku ɗauka mutanen Gurnai suna murna. Nasu dajin daga ƙasa yake mutuwa. Ƙwaron ɓawo da sanyi ke kashewa a da yanzu yana hayayyafa sau biyu a shekara, manyan itatuwan da kakanninsu suka yi rufin gida da irinsu suka yi jajur a tsaye, suna zubar da ganye. Itacen girkinsu da katakon gininsu duk daga nan ne. To mutumin da dajinsa ke ƙonewa daga gindi, ina zai kalla in ba sama ba? Mu muna kallonsu ɓarayin makiyaya, su suna kallonmu masu kashe musu jarirai, ranar Lahadi kuma mu haɗu a coci mu yi wa juna fatan salama.

Shi kuwa ɗan itacen nan, Zenz take kiransa, ba kunya ba ɓoyo. Kullum da yamma in ta gama tatsa sai ta ja ƙafa ta hau, ta zauna a kan dutsen da ya jingina, ta ba shi labarin wace saniya ce ta yi gurgunta da wane sakarai ne ya yi aure a gari. Ya kai mata gwiwa ta ce ya fara ji da kansa. Ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. Ranar da ya wuce kanta ina wurin, na kawo gishiri.

Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Ka gani ko, Romed? Da ransa sai ya taka kujera yake sauko mini da tukunya. Sai da ya mutu ya tuna da tsawo."

Wasu 'yan jami'a biyu sun taɓa zuwa da igiyar awo da wani ɗan ƙarfe da suke huda itace da shi. Suka zagaye Zenz suna murna kamar an yi musu haihuwa, suka ce da irin ɗumin da ake yi, nan da 'yan shekaru zai fi kowane mutum tsawo. Mena ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ba su madara da burodi, ta ce su gaida malamansu. Gaskiya yaran suka faɗa, abin haushin ke nan.

Mai ɗaukar sanda na Gurnai sunansa Kassian, dogo, siriri, mai fuskar wanda aka ba ajiyar gawa. Aji ɗaya suka yi da Mena, kuma tun lokacin ba su gama faɗan da suka fara ba. Shekaru da dama zagayen awo ya zama abu ɗaya: a tabbatar da iyakar ƙasa, sannan a hau wurin Zenz, tunda shi ne na ƙarshe da kowa ya sani, a jingina masa sanda, a yi 'yar dariya, a sauko ruga a ci abincin da al'ada ta ɗora wa mai ruga ta dafa. Bara ba a yi dariya ba. Kassian ya kafa sandar, ya matsa baya, ya sake matsowa, ya sa yatsu biyu tsakanin kan itacen da ƙarfen sanda.

Ya ce, "Mena, baɗi mijinki namu ne."

"Ku da kuka ƙi ba shi aron jaki da ransa?"

"Ni dai na gaya miki. In ya zarce, daga nan har ƙasa daji ne. Har rugar, har kwamin."

"Na ji, sarkin awo. Sauko ka ci, kafin iska ta ɗauke ka a ce ni ce."

Kowa a wurin ya san abin da yatsu biyun nan ke nufi. Sama da Zenz babu komai sai tsakuwa da duwatsu. In makiyaya ta tafi, shanun Saldin za su cinye ciyawar kwari tun da bazara, hunturu ya zo babu abin ba su, a kai su kasuwa. Kuma kafin shanu su sauko a watan Satumba Zenz ya riga ya haura sandar da kusan taƙi, kowa na gani. Sai dai a wurinmu itace ba ya zama itace sai sanda ta faɗa, kuma sanda ba ta magana sai ranar Veit. Don haka har zuwa ranar, wannan abu mai tsawon ƙofa ciyawa ne, kuma Mena na da ikon cire shi.

Nan fa mazajen Saldin suka farka. Mutanen da ba su taɓa hawa da diga ba suka zama masana zirbe a shagon giya bayan coci. Wani ya ce a tono shi da saiwa a mai da shi ƙasa, aka tuna masa saiwar ta shige tsagin dutse, sai dai a ɗauko dutsen. Wani ya ce a tara ƙasa a gindinsa yadda sanda za ta hau bisa, kamar Kassian makaho ne. Aka tura wakilai Gurnai su roƙi a tsallake wannan guda ɗaya, suka dawo da amsa cewa in aka tsallake na Mena bana, baɗi kowane ɗan Saldin zai tuna kakansa ya mutu a gindin wani. Ba su yi ƙarya ba, na san mutanenmu. Daga ƙarshe aka ce tunda al'ada ta ce hannun mai ruga ne kaɗai ke cirewa, kuma tunda duk mazan nan babu mai son ya ci diga a ƙeya, a tura Romed, ai ɗanta ne na baftisma.

Na same ta a gidanta na gari da tsakar hunturu, hunturun da ruwan sama ya fi ƙanƙara yawa. Tana ɗinkin safa kusa da murhu.

"Gota, ina yini."

"An aiko ka."

"Gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da hula a hannu? Zauna. Wa ya fara, Alois mai shanu takwas da baki goma?"

Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, na kawo ciyawa, na kawo yaran da za su bar gari in babu shanu. Ta bar ni na gama tas, ba ta ɗago ba.

"Shekara nawa ina cire musu itace ni kaɗai?"

"Da yawa, Gota."

"Wa ya taɓa zuwa ya ce Mena kawo digar ki huta?"

Na jujjuya hular a hannuna.

"Amma guda ɗayan da na bari, shi kowa ya gani. Ido gare ku, Allah ya ƙara gani." Ta cije zaren da haƙori. "Je ka ce musu na ji. Kuma ka ce wa Alois in na ga sawun takalminsa sama da kwami, saniyarsa ja za ta dawo masa ba wutsiya."

Ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Haka gari ya kwana ya tashi har bazara, ana gaishe ta da ladabin da ba a taɓa yi mata ba. Matan da suka shekara ba su leƙa ta ba suka riƙa aiko mata da waina da zuma. Ta ci, ta ce zumar an sirka.

Ana saura 'yan kwanaki idi na ɗauke ta a tarakta zuwa ruga don ta share ta kunna murhu, kamar kowace shekara. Muka sauke kaya. Ta goge tukunyar cuku, ta shanya barguna, ta sa ni na gyara bututun kwami, ta ce na ɓata shi. Can da la'asar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗauko zarto."

Muka hau. Tafiyar da take yi a da ba tare da ta numfasa ba, ranar sai da ta tsaya sau da yawa tana dafa gwiwa. Zenz na tsaye, ya yi kore shar, sababbin tsiro sun fito masa a kowane reshe. Gaskiya itace ne kyakkyawa, miƙaƙƙe, abin da mai sunan bai taɓa zama ba.

Na ce, "Gota, kawo in yi. Ki juya baya, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Ta durƙusa da ƙyar, ta share ciyawar gindinsa da hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Kai dai ba ka taɓa yin abu a kan lokaci ba. Da ka ja shi ranar nan da ƙarfi ɗaya, da duk ba a yi wannan ba." Ta saurara, kamar mai jiran amsa. Ta kafa zarto.

Gindin bai fi damtsena ba, amma ta daɗe tana yi, don ƙaro na kama haƙoran zarton. Ƙamshin ya cika wurin, ƙamshin ɗakunan kwananmu da akwatunan amarenmu. Ni ƙato da ni na tsaya ina kuka, ban ji kunya ba. Ita ko ɗigo. Da ya kwanta ta hana ni taɓawa, ta saɓa shi a kafaɗa, kansa na jan ƙasa, ta sauko da shi har cikin ruga, ta jingina shi a lungun da gadon Zenz yake.

"Ka gaya musu su kawo shanunsu," ta ce. "Kuma ka share hancinka."

Ranar Veit da sassafe muka hau da sanda, mu uku daga Saldin, uku daga Gurnai. Shanu za su biyo baya da hantsi. Alois har da sabuwar hula. Aka duba iyakar ƙasa, tana nan inda take bara. Aka hau wurin dutsen. Mena na tsaye gefe, ta harɗe hannu. Kassian ya dubi kututturen, fari sol, ƙaro ya taru a kansa. Ya cire hula. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ko'ina ban da fuskarta.

Ta ce, "Auna mana. Ko sandar ta gaji?"

Na tabbata don ya guje wa idonta ne ya ce abin da ya ce. "Tunda babu shi, sai a cika zagaye har kan tudu, yadda doka ta ce. Ki je ki duba tukunyarki, yanzu za mu sauko."

Rabon da a cika zagayen nan tun ina saurayi. Me za a je nema a cikin tsakuwa, ga Zenz a tsaye, ga abinci na jira? Muka bi shi muna haki, Alois na ƙorafin takalmi. Muka haura kafaɗar dutsen, inda ba a hango ta daga ruga, muka leƙa wani ɗan kwari da ke fuskantar rana, wanda iska ba ta samu. Saniya ba ta zuwa can, hanyar ta yi tsayi da santsi. Mena ce kaɗai ke zuwa da digarta, kafin gwiwoyinta su ƙi.

Itatuwan zirbe na nan tsaye, sun fi goma, kore shar, kamar an jera su. Ba a ma buƙatar sanda. Kassian ya tsaya riƙe da ita, na ga yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kuma na rantse da mu biyu ne kawai da ya juya ya ce bai ga komai ba. Amma mutum shida ne, uku daga cikinsu dajinsu na mutuwa. Ya taka a hankali ya jingina ta da na farko. Itacen ya wuce ta da kamu guda har da ɗori.

Alois ya ce, "Wannan ai ba adalci ba ne. Wa ya kamata ya riƙa duba nan?"

Ni dai na ji kamar in tura shi gangare da sabuwar hularsa.

Muka sauko. Ta shimfiɗa tebur a waje, ta ajiye babban kaskon fate da man shanu na narkewa a tsakiya, cokula shida a zagaye. Ta dubi fuskokinmu sau ɗaya.

"A ina?"

Kassian ya ce, "Bayan kafaɗa."

"Nawa?"

"Da yawa, Mena."

"Da yatsa nawa suka wuce?"

Ya nuna mata da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ta kalli hannun. Ta fi kowa sanin shekarun da zirbe ke ɗauka ya yi wannan, ko a wannan zamani na ɗumi.

"Ashe tun tuni ba tamu ba ce," ta ce. "Ashe ko na bar shi, ko na yanke shi."

"Da na sani, wallahi da na aiko miki."

"Da ka sani da ka yi aikinka tun shekara biyar, maimakon ka zo ka ci mini mai." Muryarta ba ta tashi ba. "Ku ci. An riga an dafa."

Babu wanda ya ɗauki cokali. Can ƙasa a burtali muka fara jin ƙararrawar shanu, sun taso, yara na kora su da waƙa. Ta karkata kai tana saurare, na san tana gane kowace da sautin ƙararrawarta.

"Romed, sauka ka tare su. Kada su sha hawa a banza."

Na miƙe, amma ban tafi ba, don na ga ta shiga ruga. Ta fito da itacen a kafaɗa. Ganyensa bai ko fara bushewa ba. Ta zo gaban Kassian ta tsaya. Matar nan tunda nake ban taɓa jin ta roƙi ɗan Gurnai ko ashana ba.

"A ƙasarku na yanke shi, ashe," ta ce. "Naku ne. Kassian, don Allah ka bar mini."

Kassian ya dubi itacen. Ya gyaɗa kai kawai, ya yi ta gyaɗawa. Ta ce ta gode, ta gyara shi a kafaɗa, ta kama hanyar gari a ƙafa, ta bar ƙofar rugar a buɗe.